Burul Apa da Karen da Aka Bari a Kara

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar nan ta bayan Bishkek, babban birnin ƙasar Kirgiz, inda kwalta ta ƙare amma gidaje suka ci gaba, ya san Burul Apa, wato Mama Burul. Ko bai san sunanta ba, ya san tsohuwar nan gajera mai farin kallabi da takalman roba irin na maza, wadda muryarta ke riga ta isa ƙofar gida.

Ba 'yar birni ba ce. A At-Bashi aka haife ta, cikin tantin gashin tumaki, can bisa tsauni inda ake kai dabbobi kiwo idan ƙanƙara ta narke. Ita ce mace ta huɗu a jere, shi ya sa ubanta ya raɗa mata Burul, wato “juya”, ko Allah zai sa haihuwar ta juya ta koma maza. Haihuwa ba ta juya ba, mata biyu suka ƙara biyo ta. Da uban ya ga haka sai ya ɗora ta a kan doki tun tana shekara shida, ya ce, “To, ke ce namijin gidan.”

Ta auri Saginbay, makiyayi ɗan makiyayi, mutum marar surutu. Takan ce ta zaɓe shi ne don gida ɗaya ba ya ɗaukar masu baki biyu. Shekara arba'in da huɗu suka yi tare. Da fari tumakin gwamnati suke kiwo, ɗari shida a garke. Da mulkin Sobiyet ya rushe aka raba dabbobi, suka ci gaba da nasu rabon. Wasu matan da haihuwar 'ya'ya suke lissafin shekaru, ita da karnuka take yi. Sai ka ji ta ce, “Ai shekarar da kyarketai suka kashe mana jan karen nan aka yi wa ɗanmu Talaybek kaciya.” Ba ta taɓa barin kare ya sa ƙafa a tantinta ba, ba ta taɓa rungumar kare ba, amma kuma ba ta taɓa kai loma bakinta da yamma ba sai ta tabbata an zuba wa karnuka nasu. Ta ce wanda zai kwana a waje cikin sanyi don kai ka yi barci, shi ya kamata ya fara ci.

Saginbay ya rasu a ƙarshen kaka, ana shirin saukowa daga tsauni. Bayan an yi arba'in, ɗansu Talaybek, direban babbar mota mai zuwa Kazakistan da Rasha, ya ce ba zai bar uwarsa ita kaɗai a ƙauye da ciwon gwiwa ba. Aka sayar da garken, karnuka biyun da suka rage suka bi wanda ya saya, aka loda Burul da akwatinta da bargunanta a mota, sai birni.

Tsakani da Allah, ba abin da ta rasa. An ba ta ɗakin da ya fi ɗumi, an sa mata talabijin, matar ɗanta Nurjamal ba ta fita wurin ɗinkin da take aiki sai ta ajiye mata shayi da burodi. Amma Burul ta zauna bakin taga shekara biyu tana ƙanƙancewa. Shayi ya yi sanyi a gabanta ba ta sani ba. A tambaye ta me za a dafa, ta ce duk abin da kuka ga dama. Wata rana Nurjamal ta ce wa mijinta, “Ka ga Apa kuwa? Jiya na ƙona shinkafa ba ta ce mini komai ba. Tsohuwar da ta daina faɗa, a duba ta.” Aka kai ta asibiti, likita ya ce lafiyarta lau in ban da gwiwa.

Ɓeraye ne suka kawo sanadi. Sun addabi ɗakin ajiya, har sun ci yadin da Nurjamal ta kawo gida za ta ƙarasa. Wata abokiyar aikinta ta ce mata akwai wani gida can bayan tsohuwar masana'antar bulo inda ake tara karnuka da magunan da ba su da masu su, a yi musu allura, a ba duk mai so ya riƙe. Ranar Lahadi Nurjamal ta ce, “Apa, zo ki raka ni ki zaɓa mini mage, ke kika san dabba.” Ba don zaɓen ba ne, so take ta fitar da ita daga ɗaki.

Mai kula da gidan wata mata ce Zina, jinin Rasha amma haifaffiyar nan, doguwa, busasshiya, sigari ba ya barin bakinta. Da malamar makaranta ce, ta bar koyarwa ta tare a nan da karnuka kusan ɗari biyu da maguna ba adadi. Tana jin harshen Kirgiz, sai dai a karkace take yin sa, kamar mai tafiya da takalmi ƙafa ɗaya.

Suna ɗakin maguna, Nurjamal na ta shafa wata 'yar toka-toka, karnuka a waje na ta hayaniya kamar ana buga gwangwanaye, sai aka yi wani haushi guda ɗaya daga can baya, mai kauri, daga ƙirji. Burul ta ɗago kai.

“Wane ne wancan?”

Zina ta ce, “Wancan ba na ɗauka ba ne, Apa. Ki zaɓi magenki.”

Burul ba ta tsaya jin sauran ba, ta bi sautin tana ɗingishi har keji na ƙarshe. Ƙaton kare ne baƙi mai farin gashi zagaye da wuya. An yanke masa kunnuwa tun yana ɗan kwikwiyo, yadda makiyaya ke yi don kada kyarkeci ya sami abin kamawa. Haƙarƙarinsa duk a waje. Yana tsaye a ƙuryar kejin, kansa a karkace, yana gurnani ƙasa-ƙasa.

Zina ta iso ta ba ta labari. Wata huɗu ke nan aka same shi ɗaure jikin turke a kara, bayan kasuwa ta watse. Da alama mai shi ya sayar da tumakinsa, ya rasa yadda zai yi da kare, ya ɗaure shi ya tafi. Kwana uku yana wurin kafin wani ya buga musu waya. Ya ciji mutum biyu daga cikin masu taimaka mata, yanzu da shebur ake tura masa abinci, shi ɗin ma sai ya ga dama yake taɓawa.

“Me kuke ba shi?”

Zina ta ɗebo mata abincin karnuka na buhu a tafin hannu. Burul ta shinshina, ta yatsine fuska.

“Wannan ai kashin awaki ne.”

“Kashin awakin nan daga ƙasar waje ake kawo shi, Apa.”

“To, awakinsu ne suka yi. Ba ni kujera.”

Aka kawo mata wani bokiti aka kife. Ta zauna ta ba kejin gefe, ba ta kalli karen ba ko sau ɗaya. Ta ciro mazari da ulu daga aljihun rigarta ta shiga kaɗi, tana magana a hankali kamar mai hira da maƙwabciya: wane tsauni ka fito, ciyawa ta yi kyau bana, wane marar mutunci ne ya ɗaure ka. Nurjamal na tsaye da mage cikin kwali har ƙafarta ta gaji. Awa guda ba abin da ya faru, karen bai matso ba, bai kuma daina gurnani ba. Burul ta naɗe zarenta ta tashi, ta ce wa Zina, “Jibi zan dawo.”

Zina ta ɗauka maganar tsofaffi ce. Jibi sai ga Burul ita kaɗai, matar da shekara biyu ba ta taɓa wuce kan layinsu da ƙafarta ba. Ta sa Nurjamal ta rubuta mata lambobin bas biyu a bayan kwalin shayi, ta riƙo bokiti rufe da tsumma. Damun garin sha'ir ne da nono mai tsami da ɗan kitsen wutsiyar rago, abincin da ta yi shekara hamsin tana dama wa karnuka. Ta tura masa, ta juya baya, ta ci gaba da kaɗinta. Bai ci ba sai da ta tafi. Haka ta yi ta zuwa, kwana ɗaya tsakani. A zuwa na biyar ya ci tana zaune.

Masu gidan suna kiransa Baron, bai taɓa amsawa ba. Burul ta ce ina makiyayi ya san wani Baron. Ta shiga jero sunayen da ake sa wa karnuka a tsauni ɗaya bayan ɗaya, tana zuwa kan Moinok sai guntun kunnensa ya motsa.

Ta ce, “Na sani. Kare mai farin wuya, me za su kira shi in ba Moinok ba? Mazajenmu ba sa wahalar da kansu wajen suna.”

A mako na uku ta buɗe kejin ta shiga. Kwana biyu lafiya lau, har ya shinshina gefen siket ɗinta. Rana ta uku ta miƙa hannu za ta ɗauki kwano, kafin ta ankara ya cafke ta a wuyan hannu. Bai girgiza ba, ya kama ya saki, ya koma ƙurya yana rawar jiki, amma jini ya jiƙa hannun rigarta. Zina ta kai ta asibiti a tsohuwar motarta, aka yi ɗinki huɗu da allura. A hanyar dawowa Zina, fuska fara fat, ta ce, “Shi ke nan, Apa. Kada ki sake zuwa. Ni ce da laifi da na bar ki.”

Burul kuwa tana can tana tuno yadda abin ya faru.

Talaybek ya dawo daga tafiya a ranar, ya ga bandeji, ya hau sama. “Apa, me na rage ki da shi? Mutane su ce na kawo uwata birni na bar kare ya cinye ta? Gobe zan je in ga matar nan.”

“Ba inda za ka. Zauna ka sha shayi, ka zo kana ihu kamar wanda aka sace wa taya. Laifina ne.”

“Laifinki? Ke kika cije shi?”

“Ta hagunsa na zo masa. Duk ranar da na zo ta dama ba ya komai. Karen nan ba ya gani da idon hagu, shi ya sa yake karkata kai. Ni da na tsufa cikin karnuka ban lura ba, ai ɗinki huɗu ma ya yi mini rangwame.”

Washegari Zina ta ga tsohuwa a bakin ƙofa, hannu ɗaya a naɗe, ɗayan da bokiti. Ta buɗe baki za ta kore ta, Burul ta ce a kira mata mutum biyun da aka ciza. Aka tambaye su, kowanne ya tuna ta hagu ya zo. Likitan dabbobi ya zo ya haska idon, ya ce ya daɗe da mutuwa, wataƙila harbin doki ne. Zina ta zauna a kan bokitin Burul ta kunna sigari, ta ce, “Wata huɗu ina kallonsa kullum.”

“Kina kallon ɗari biyu ne. Ni ɗaya nake kallo.”

Da aka cika wata biyu Burul ta ce za ta tafi da shi gida. Ta ɗauka igiya kawai za a ba ta. Sai Zina ta ciro takarda shafi uku: gida naku ne ko haya, akwai katanga, tsayinta nawa, za a sa masa sarƙa, wa zai kai shi allura, kun yarda a zo a duba.

Burul ta ce, “Ranar da aka ba Saginbay ni, rabin tambayoyin nan ba a yi masa ba.”

Zina ta ce, “Da an yi da kin fi haka ƙiba. Saura ɗaya, kada ki ji haushi. Shekarunki sittin da bakwai. In kin mutu wa zai riƙe shi? Ba zan bari a sake ɗaure shi a turke ba.”

“Ke kuwa bakinki ba linzami. Shi ma ai tsoho ne, dubi haƙoransa. Ba wanda ya san mai riga wani.”

“Shi ya sa nake son sa hannun mutum na biyu.”

Talaybek ya ce shi hannunsa ba zai hau takardar kare ba. Nurjamal ce ta karɓi biro. Da mijin ya harare ta sai ta ce, “Wata biyu ke nan Apa na yi mini faɗa kan gishirin miya, kan shara, kan yadda nake yanka albasa. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Ka bar mu.”

Aka kafa wa Moinok 'yar bukkar katako a ƙuryar tsakar gida, aka shimfiɗa masa tsohon bargo. Bai taɓa gwada hawa dakalin ƙofar ɗaki ba, da ma ya san iyakarsa. Amma zaman bai yi daɗi nan da nan ba. Yini yake yi yana zagaya katanga har ƙafafunsa suka fitar da hanya, ya tone lambun tumatir ɗin Nurjamal, in ya ji kukan tunkiya daga wani gida sai ya tsaya yana ƙaramin kuka kamar yaro. Maƙwabta suka fara gunaguni. Limamin unguwa, dattijo mai sanyin hali, ya biyo bayan la'asar aka ba shi shayi, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

Burul ta ce, “Malam, shekara sittin ina salla da kare a bayan tantina. Ba ya shiga ɗaki, ba ya taɓa kwanona. Karen kiwo ne.”

Liman ya yi murmushi. “Karen kiwo kam malamai sun yi rangwame a kansa. To amma Apa, ina kiwon?”

Maganar ta soke ta, don ta san gaskiya ce, kuma ita ce ciwon karen. Ta kwana biyu tana juya ta. Unguwar duk mutanen ƙauye ne da suka sauko birni, kusan kowane gida akwai tunkiya biyu ko uku ɗaure a bayan ɗaki ana jiran biki ko salla, ana ba su busasshen burodi da ɓawon dankali. Ga fili bayan magudanar ruwa, ciyawa har gwiwa, ba mai lokacin kai su. Burul ta bi gida-gida. Gidan da ta fara shiga na liman ne, ta ce, “Malam, ka tambayi kiwo, ga ni na zo. Fito da ragunanka biyu.” Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kwance mata su da hannunsa.

Da tumaki goma sha ɗaya ta fara. Ranar farko da ta buɗe ƙofa Moinok ya ga garke, sai ya tsaya cik. Ta yi masa fito irin na tsauni, ya zagaya ta bayansu ya tattara su wuri ɗaya, ya koma gefen da idonsa mai gani zai riƙa kallonsu, kamar jiya ya bari. Daga ranar bai ƙara tona lambu ba. Kafin sanyi ya shigo garken ya kai arba'in har da shanu uku. Gwiwar Burul ba ta warke ba, kullum cikin tsine mata take, amma tana kai ta fili tana dawo da ita. Masu tumaki wani ya aiko da cinya, wani buhun gari, wani kwal na hunturu.

Zina na zuwa dubawa kamar yadda takarda ta ce, daga baya ta koma zuwa shan shayi. Ita ce ta ce wata rana, “Ina da irinsa guda tara. Ba mai ɗaukar ƙaton kare a birni, kowa ɗan mitsitsi yake so mai kama da silifa.”

Burul ta ce, “A tsauni kuwa mutane na neman kare ido rufe, kyarketai sun yi yawa.”

Haka aka fara. Burul ta karɓi tsohuwar wayar Nurjamal ta shiga kiran dangi da dangin miji. Talaybek, da ya rantse ba ruwansa, shi ya koma nemo direbobin da za su hau da kare a bayan mota. Sharaɗinta biyu ne: ba sarƙa, kuma duk wata a turo hoto.

Na huɗun da ta tura, wani matashin kare ja, wurin Toktosun ya je, ƙanin marigayi mijinta. Tun tana amarya ba ta faɗin sunansa saboda kunya, Ƙaramin Yaro take ce masa, ga shi yanzu da furfura da jikoki. Hoto ya zo sau ɗaya ya ɗauke. In ta kira sai ya ce ba sabis. Sai wata 'yar'uwa da ta sauko asibiti ta tsegunta mata cewa karen na ɗaure da sarƙa a bayan barga.

Burul ta bar wa wata maƙwabciya garke, ta shiga motar haya, tafiyar awa shida ta kan tsaunuka. Ta isa da azahar. Aka yi murna, aka shimfiɗa ledar abinci, aka kawo burodi da kirim na madara da shayi. Ta zauna ta naɗe hannu.

Toktosun ya ce, “Jene, bisimilla mana.” Haka yake kiranta, matar wa.

“Sai na ga karen.”

Baƙo ya ƙi taɓa burodi ba ƙaramin abu ba ne.

“Haba Jene, a kan kare za ki ƙi burodin gidana?”

“Ba a kan kare ba ne, Ƙaramin Yaro, a kan bakina ne. Ni na ce wa matar nan, ƙanin mijina ne, jinin Saginbay ne, ki ba shi ido rufe. Yanzu in koma in ce mata me?”

Toktosun ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. “To ki ji nawa. Karen da kika aiko mini ba kare ba ne, annoba ce. Ranar farko ya tarwatsa garke, sai da muka yini muna nema. Ya kashe kaji biyar. Rago ya taso masa, ya ruga ya ɓuya ƙarƙashin mota. Kunyarki ce ta hana ni faɗa miki.”

Ta ci burodin, don ta ga akwai gaskiya a bakinsa. Ta kwance karen, ta zauna kwana tara tana fita da shi kiwo. Duk dabarar da ta sani ta yi, a banza. Girman jiki ne kawai, a bayan wani shago aka haife shi, bai san tunkiya ba sai a tukunya. Rana ta goma ta ce wa Toktosun a gaban matarsa, “Ni na cuce ka. Na ga ƙato na ɗauka makiyayi ne. Amma kai ma da ka buga waya da bakinka bai faɗi ba.” Ta sauko da karen, Zina ta samar masa wurin wani mai sayar da katako, inda ya yi ƙiba yana gadin da ba ɓarawo.

Daga nan ta sake tsari. Duk karen da za a tura tsauni sai ya yi wata guda a hannunta, yana bin Moinok da tumakin unguwa. Tsohon ba ya wasa da su: wanda ya kori tunkiya sai ya bangaje shi da ƙirji ya danne shi ƙasa har ya nutsu. Wanda ya koya a hau da shi, wanda bai koya ba a nema masa wani aikin. A shekara huɗu karnuka ashirin da shida suka hau, biyu kawai aka dawo da su. Toktosun ma ya sami wata baƙar karya da yake ta yabo har yau.

Moinok ya mutu a hunturu na huɗu. Burul ta fito da safe da bokitinsa ta same shi a bukka, kansa bisa ƙafafunsa, ya riga ya sandare. Ta ajiye bokitin ta daɗe a tsaye. Ƙasa ta daskare kamar dutse, Talaybek ya ɗauki diga ya yini yana sara a bayan magudanar ruwa, bai bari kowa ya karɓe shi ba. Burul ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ce kawai, “Ya yi aikinsa,” ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba. Bayan kwana uku ta fita da garke da wata matashiyar karya da ke hannunta a lokacin.

A wannan hunturun ne tari ya kama Zina, ya ƙi sakinta har ƙanƙara ta narke. Ta rame ta zama kamar sanda. Burul ta dube ta ta ce, “Ke, haɗa kayanki. Nonon goɗiya za ki sha wata guda, ko ki mutu ki bar mini karnuka ɗari biyu.”

“Wa zai kula da su?”

“Masu taimaka miki ba hannu gare su ba? Kin ɗauka in kin juya baya rana ba za ta fito ba?”

Zina, da aka haifa a ƙasar nan ta yi shekara hamsin da biyar, ba ta taɓa kwana a tanti ba. Suka hau wurin Toktosun a makiyaya. Burul ta ƙwace sigarinta ta ba matar gidan ta ɓoye, ta riƙa ɗura mata nono sau biyar a yini, Zina na yatsina tana zagi da harshe biyu. Labari ya bazu cewa matar da ke aiko da karnuka ta zo. Makiyaya suka riƙa zuwa bisa dawakai daga tantuna na nesa don su gaishe ta, wani da cuku, wani da ƙafar rago, kowa da karensa a baya.

Wata safiya tana zaune a ƙofar tanti cikin bargo, garke uku suka ratsa ta kan gangaren da ke gabansu. Ta shiga nuna su da yatsa tana kiran sunayen da ta sa musu a keji. Wancan a bola aka tsince shi. Waccan mota ce ta karya mata ƙafa. Bakwai ta ƙirga, suna gudu a fili ba katanga, gashinsu na sheƙi. Ko ɗaya bai waiwayo ta ba, suna kan aiki. Sai ta rufe fuska da bargo, kafaɗunta na rawa.

Burul ta zungure ta da gwiwar hannu. “Ke, bari mana, mutane za su ɗauka rasuwa aka yi.” Ta miƙa mata kwano. “Shanye, saura biyu kafin azahar.”

Zina ta sauko bayan wata guda da ɗan nama a kumatu, tarin ya ragu, sigarin kuwa ta koma masa tun a mota. Burul ta yi mata faɗa daga At-Bashi har Bishkek.